Tambaya kan "in", "on" da "at" wajen faɗin lokaci

Yaron Kanti:
Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka mini. Ina zaman shagon kawuna a Kantin Kwari, ni ke rubuta masa saƙon WhatsApp zuwa ga mutanen Legas da muke tura wa kaya. Jiya na rubuta "the goods will arrive in Monday morning, please pay in the night". Ƙanwata da ke aji shida a sakandare ta leƙo wayar, ta yi ta dariya har da riƙe ciki, wai duka biyun kuskure ne. Na ce ta faɗa mini dalili, ta ce haka kawai ake faɗa. Mu dai "da" ɗaya ta ishe mu: da safe, da yamma, da dare, da ƙarfe huɗu. Me ya sa Bature ya kasa ta gida uku?

Malamin Turanci, Gwale:
Wa alaikumus salam. Ƙanwar taka ta yi gaskiya. "In" tana bin sashen yini mai faɗi: "in the morning", "in the afternoon", "in the evening". "At" kuwa ta daidai inda hannun agogo ya tsaya ce: "at 4 o'clock", "at noon", "at midnight". Dare ne ya fita zakka, "at night" ake cewa, babu "the". Kada ka wahalar da kanka neman dalili, haddace shi kawai.

Inda ɗalibaina suka fi faɗuwa shi ne wurin da ka faɗi. Da zarar sunan rana ya shigo, "on" ta karɓe ragama, ko da safiya ko dare na biye: "on Monday morning", "on Friday night". In kuma akwai "this", "last" ko "tomorrow", ba a sa komai a gaba. "Tomorrow morning" tsuransa, ba "on tomorrow" da nake gani a takardun jarrabawa ba.

Maman Biyu:
Malam, a yi mini afuwa in ɗan ƙara. "In the night" ba kullum take kuskure ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, in na yi kwanan aiki nakan rubuta "the patient woke twice in the night", wato cikin wancan daren takamaimai, mutane na barci. Shi ɗan'uwanmu ai ba tsakar dare yake so a tashi a tura kuɗi ba.

Na Ƙofar Mata:
Ni "by" ce ke ba ni haushi. Duba katin ɗaurin aure a garin nan, sai ka ga "by 11am". Ma'anarta fa kada a wuce sha ɗaya, ko da tara aka ɗaura ba a saɓa ba. In lokacin kake nufi daidai, "at" ce. A harkar kuɗi ma ta fi muhimmanci: wanda ya ce zai biya "by 4pm", huɗu da minti biyar ya makara.

Yaron Kanti:
Allah Ya saka da alheri. Na gyara: "on Monday morning", biya kuma "by 8pm". Sai dai Kawu ya ce shi bai san wata takwas ba, in rubuta musu bayan Isha'i.