Wai keke mai giya 21 ya fi Phoenix gudu?

Ɗan Poli: Salam jama'a, ni fa na gama magana, keke mai giya 21 ba sa'an Phoenix ba ne. Nawa na gwanjo ne amma in na sa shi a giya mafi nauyi ko ɗan acaɓa sai ya waiwayo, kuma a nan nake barinsa kullum ban taɓa sauke ta ba

Baba Mai Phoenix: To ɗana tunda ba ka saukewa ai kai ma mai giya ɗaya kake hawa irina, sai dai ka biya kuɗin ashirin a banza

Mai Gyara: Baba ya kama ka 😂 Ƙanena je ka ƙirga haƙoran farantan da sarƙa ke hawa. Irin naka yawanci farantin gaba uku ne, 48, 38, 28, na baya bakwai daga 14 zuwa 28. In sarƙa na kan 48 da 14, feda zagaye ɗaya taya ta juya kusan sau uku da rabi, da taya inci 26 wajen mita 7 ke nan. Baba naka nawa ne?

Baba Mai Phoenix: 44 da 18, taya 28. Tun kafin a haifi yaron nan na san wannan

Mai Gyara: Mita 5 da kusan rabi, wajen 5.4

Ɗan Poli: Yauwa! Bakwai da biyar wa ya fi? Kai da kanka ka yanke hukunci yaya

Mai Gyara: Tsaya mana, sau nawa kake iya juya ta a minti ɗaya? A wannan nauyin da ƙyar ka yi 45 kana lilo a kan sirdi kamar mai daka, mita 320 ke nan, Baba kuwa yana juya 60 hankalinsa kwance shi ma wajen 320 ɗin, kun yi kunnen doki amma kai gwiwarka ce ke biya. Da za ka dawo 48 da 20 ka juya sau 80 sai ka kusa mita 400, kilomita 24 a awa, shi ya sa 'yan tsere ke juya 80 zuwa 90. Kuma 21 ɗin nan ma lissafin talla ne, 48 da 24 daidai yake da 28 da 14, sannan in ka haɗa babban farantin gaba da babban na baya ko ƙarami da ƙarami sarƙa karkacewa take tana cin haƙora, ni ake kawo wa

'Yar Jos: Ku 'yan Kano daɗi ya muku yawa, gari shimfiɗe kamar tabarma. Baba don Allah kawo Phoenix nan ka hau tudu da buhun dankali mu gani. 28 da 28 ita ce ke kai ni gida, mita biyu-biyu amma ba na sauka in tura

Baba Mai Phoenix: 'Yata turawa ai ba abin kunya ba ne. Ko babban tseren keke na Faransa sai 1937 suka yarda da irin wannan giyar, kafin nan da me suka hau duwatsun? Nawa sarƙarsa a rufe take, ƙurar hunturu ba ta samunta, naku kuwa kullum kuna gindin bishiyar wannan bawan Allah

Mai Gyara: Baba kar ka kore min kwastoma mana

Ɗan Poli: Ni dai har yanzu ban yarda ba. Asabar da safe a gadar Ƙofar Nassarawa, Baba ka zo da naka

Mai Gyara: Ka fara kawo shi in duba, wayar giyar da ba a taɓa ja ba ina jin tsatsa ta riga ta cinye ta