Shaidar nasara kaɗai ke da wuri a coci?

Malamin Makarantar Lahadi: Salama jama'a. Lokacin shaida a sujada yana damuna. Kowa ya tashi sai "na samu aiki", "Ubangiji ya warkar da ni", a tafa a zauna. Ban taɓa jin wanda ya ce har yanzu giya tana kayar da ni, ku yi min addu'a ba, alhali Yaƙub 5:16 cewa ya yi mu furta wa juna zunubanmu. Ni a ganina a riƙa faɗin rauni a gaban ikilisiya.

Maman Zumunta: Haba ɗana, a gaban kowa? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wata yarinya ta gaya wa uwa ɗaya abin da ke tsakaninta da mijinta, kafin Lahadi ya zama "batun addu'a" gida-gida har a wajen niƙa an ji, yau ko bakin ƙofar coci bata zuwa.

Matashi: Mama gaskiyarki, amma mu abin da ke rufe mana baki horo ne. Wanda aka kama da wanda ya faɗa da bakinsa duk bencin baya ɗaya, a hana ka Jibin Ubangiji a cire ka daga mawaƙa. Kuma yarinyar da ciki ya fito ita ke zama a can, saurayin yana gaba yana kaɗa jita. To wa zai yi magana?

Dattijo: Horo ba wulaƙanci aka nufa da shi ba, kuma Matiyu 18:15 tsakanin mutum biyu ya ce a fara. John Wesley ma, wanda ya faro ɗariƙar Methodist a Ingila, a ƙa'idojinsa na 1738, mutane kaɗan yake haɗawa, maza daban mata daban, kowane mako a tambaye ka wane zunubi ka yi tun haɗuwar baya. Ba a kan bagade ba.

Malamin Makarantar Lahadi: Baba to farkawar Gabashin Afirka fa? Daga Gahini a Ruwanda a shekarun 1930, Balokole, wato "cetattu" masu bin farkawar, a bainar jama'a suke tuba, har kayan sata ake mayarwa.

Dattijo: Haka ne, amma wasu sun riƙa kiran sunan wanda suka yi zina da shi a taro, aka yi ta rigima. Rauninka naka ne ka faɗa, asirin wani ba naka bane.

Matar Fasto: Ku bar ni in sa baki. Fasto wa zai gaya wa ya gaji ko gidansa ba lafiya? Gobe ka ji ana maganar canja masa wuri. Bulus a 2 Korantiyawa 12 ya ce akwai ƙaya a jikinsa, ya roƙa sau uku ba a cire ba, bai faɗi mece ce ba amma bai yi kamar babu ba. Ko iyakar wannan a ba mu.

Matashi: Baba maganar bencin fa?

Dattijo: Zan kai ta taron dattawa wannan watan, har da ta saurayin nan mai jita. Shaida a fili kam har yanzu ban yarda ba.