Neman kalmar Hausa: cutar faratayirod ta masu wankin ƙoda

Nas ɗin ɗakin wankin ƙoda, Kumasi: Salamu alaikum. Muna neman sunan da za mu riƙa gaya wa mutanenmu na Zango idan gwajin PTH, wato sinadarin da faratayirod ke fitarwa cikin jini, ya hau. Da an ambaci wuya sai su ce maƙoƙo ne, su fara maganar gishiri mai aidin. Ba shi ba ne sam.

Likitan ƙoda: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu fara da abin kansa. Wasu 'yan ƙwayoyi ne guda 4 da ake kira faratayirod, kowace kamar ƙwayar shinkafa, manne a bayan tayirod, abin nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Su ke tsare ma'aunin kalsiyam a jini. Idan ƙoda ta gaza, fosfet, wani sinadari da muke samu a abinci, ya taru a jini, kuma bitamin D ba ya komawa siffar da hanji ke buƙata don tsotsar kalsiyam. Kalsiyam ya faɗi, ƙwayoyin su zage damtse suna kwaso shi daga ƙashi. Shekara da shekaru haka har su kumbura. Daga nan sai ciwon ƙashi, ƙaiƙayi, karaya a kan ƙaramar faɗuwa. Ni "'yan huɗun wuya" zan ce musu.

Mai haɗa magani, Aboabo, Kumasi: Likita, me zai hana "zaizayar ƙashi ta masu wankin ƙoda"? Kowa zai gane.

Likitan ƙoda: Za a gane, Alhaji, amma rabin maganar ke nan. Kalsiyam da fosfet suna daskarewa a jijiyoyin jini da ƙofofin zuciya, kuma wannan ya fi ƙashin haɗari. Sannan mai jin "zaizayar ƙashi" zai je ya sayi madara da wagashi don ya ƙarfafa ƙashinsa, alhali fosfet yake ƙara wa kansa.

Nas: Ƙaluluwa fa?

Mai haɗa magani: A'a, Hajiya. Ƙaluluwa ita ce mai tasowa a hammata ko matsematsi idan an ji ciwo. Za a zauna jiran ta sace da kanta. Na karɓi 'yan huɗu. Kuma kada a ce "ta biyu" kamar yadda ake kiran cutar "secondary" a Turanci, sai a tambaye mu ina ta farkon. Nufin shi ne laifin ba nasu ba ne, ƙoda ce ta ja musu.

Likitan ƙoda: To, "zarcewar 'yan huɗu ta ciwon ƙoda". Zarcewa, domin aikinsu ne na halak suka wuce gona da iri. Sunan ya kuma bar mana wurin bayyana cewa ba kashe su ake so ba: ga mai wankin ƙoda ana neman PTH tsakanin ninki 2 zuwa 9 na iyakar mai lafiya. In an danne shi fiye da kima, ƙashi ya daina sabunta kansa.

Mai haɗa magani: Ƙwayar da ke kama fosfet kuma mu ce "maganin loma". Da abinci ake haɗiye ta, a kan kwanon tuwo ko wake da shinkafa. Wanda ya bari sai bayan awa 2, fosfet ya riga ya shige jini. Baƙin lemon kwalba da naman gwangwani a ajiye su, fosfet ɗinsu ya fi na wake saurin shiga jiki.

Nas: Madalla. Injin awa 4 sau 3 a mako ma ba ya kwashe fosfet duka, balle mai zuwa sau 2. Zan rubuta sunayen biyu a takardar da muke ba majinyata. Saura kalmar tiyatar cire 'yan huɗun, da faɗuwar kalsiyam da ke biyo bayanta.