An ba ni aikin kashiya a shagon caca, in karɓa?

Ɗan Kawo: Salamu alaikum. Na samu aikin kashiya a wani shagon cacar ƙwallo a Kaduna, dubu 45 a wata. Ban taɓa bugawa ba. Hukuncin addini na san shi, ba shi nake tambaya ba. Waɗanda suka yi aikin, da gaske ne mai buga wa mutane tikiti shi ma yakan faɗa ciki?

Baban Yusra: Haramun ne. Duba Ma'ida, aya ta 90.

Tsohon Kashiya: Ƙanena, ni ma haka na shiga, ko Chelsea ban damu da ita ba. Abin da ke kama mutum shi ne da hannunka kake ƙirga wa wanda ya ci kuɗinsa. Wanda aka cinye yaga tikiti yake yi ya fita shiru, ka share da yamma ka manta da shi. Sai ka fara jin ka fi kowa gane wasan. Da rana ba kwastoma, ga ƙwallon kwamfuta da ake caca a kanta tana ƙarewa cikin mintoci, ga kuɗin oga a durowa. Na ari 500 zan mayar. Na buga, wasa ɗaya tak a tikitin ya sa aka cinye ni, na ce ai saura ƙiris. Daga nan ba riba nake nema ba, giɓi nake son cikewa kafin lissafin dare. Babur ɗin yayana aka sayar aka biya. Har yau ba ya ɗaga wayata.

Sadauki: Dubu 45? Ni 25 aka ba ni, sauran kamasho.

Maman Ilham: Ƙanin mijina 60 yake karɓa a Abuja, kuma bai taɓa bugawa ba.

Tsohon Kashiya: Hajiya, shi ya gaya miki?

Baban Yusra: Wanda ya ci kuɗin amana ne zai ba da shawara?

Sadauki: Malam, ai wanda ya ƙone shi ya san zafin wuta. Kai ko ƙofar shagon ba ka sani ba.

Na Gwaggo: Ku da ke ciki, a taimaka min da wasa biyu na Asabar mana 😂

Maman Ilham: A Kano dai Hisba ta rufe irin shagunan nan a 2024.

Sadauki: An rufe shago, an bar waya a aljihu. Ni manhajojin bashin nan ne suka fi ƙona min rai. Bashin dubu 10 na ci, suka tura wa surukata saƙo wai ni ɓarawo ne.

Na Gwaggo: Kai ma? A ina suke samun lambobin mutane ne wai?