Neman kalma: "tyre failure" a tseren Formula 1

Mai shirin wasanni: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan shiga shiri a nan Sakkwato, kan rigimar taya a Formula 1, gasar tseren motoci ta duniya. Labarin tseren Baku, a ƙasar Azarbaijan, na 2021 ne: direba Verstappen yana kan gaba, tayar baya ta hagu ta tarwatse yana tsananin gudu a miƙaƙƙiyar hanya, kafin shi ma haka ta faru da Stroll. Turawa sun ce "tyre failure". Na rubuta "gazawar taya", amma kunnena ya ƙi.

Direban hanyar Illela: Ƙanena, taya ta yi bindiga. Ko yaron mota ya san wannan.

Ɗalibar jami'a: Kada ka ce gazawa, yaya. Ka yanke hukunci ke nan. Kamfanin Pirelli, wanda shi kaɗai ke ba su taya tun 2011, ya ce ba a ƙira aka samu matsala ba, iskar da ke ciki ce ta yi ƙasa lokacin gudu. Red Bull kuma, ƙungiyar da Verstappen ya yi wa tuƙi, suka ce sun bi duk ƙa'idar da aka ba su. In ka ce taya ta gaza, ka goyi bayan masu mota.

Mai faci, Ƙofar Atiku: Kuma don Allah kada a ce faci. Faci ƙusa ce ko kwalba, iska na fita a hankali, ka shafa ruwan omo ka ga kumfa. Wadda aka bari da ƙarancin iska gefenta ke lanƙwasa, ya yi zafi, sai ka ga roba ta rabu da waya. Kullum muna faɗa da direbobi a kan haka, su ce tayar banza aka sayar musu.

Malamin Hausa: Duk kun bar gini kuna tatar ƙasa. "Taya" kanta Turanci ce. Ƙafar mota muke da ita. Shawarata: "karyewar ƙafa". Na jima ina koyar da ita.

Direban hanyar Illela: Allah shi gafarta Malam, in ya ce Verstappen ya samu karyewar ƙafa, masu saurare za su fara yi mai jaje.

Malamin Hausa: To ku ci gaba da aron Kananci da na Legas. Mu nan "ta hwashe" muka gada, ba bindiga ba.

Ɗalibar jami'a: Malam, "mota" fa? Ita ma za mu mayar musu?

Malamin Hausa: 'Yata, ba da ke nake ba.

Mai faci, Ƙofar Atiku: Ku bar wannan. A Silverstone na Ingila a 2013 ma tayoyin motoci huɗu suka yi bindiga a tsere ɗaya, Pirelli ya ce ana sa tayar dama a hagu. Laifin ya zama na kowa.

Mai shirin wasanni: Na gode. "Ta yi bindiga" zan sa a labarin Baku. Amma na Indiyanafolis ta Amurka a 2005, inda masu tayar Michelin suka janye, motoci shida kaɗai suka yi tsere, yawancin tayoyin Michelin ɗin ba su yi bindiga ba, tsoro aka ji. Can sai dai "matsalar taya".

Malamin Hausa: Aƙalla ka ce "ta hwashe" sau ɗaya, a san daga Sakkwato kake magana.

Mai shirin wasanni: Sau ɗaya, Malam. A ƙarshen shiri.