Tambaya: takunkumi ne ya karya mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ko mutanen ƙasar ne da kansu?

Auwal Kurna:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya ga manyanmu da suka ga zamanin ko suka karanci tarihin. Duk sanda aka kai wa 'yan Najeriya hari a Afirka ta Kudu aka ƙona musu shaguna kaman yadda akai a 2019, sai kaji mutane suna ta cewa ai mu muka 'yanto su, da kuɗinmu aka sauke turawa, yanzu gashi suna saka mana da tsiya. Ni kuma iya abinda na sani shine Mandela yayi shekara 27 a kurkuku, ya fito 1990, ya zama shugaban ƙasa 1994. To abinda ya ɗaure min kai, turawan nan fa suna da soja da jiragen yaƙi da zinare da lu'ulu'u, har bam ɗin nukiliya sun ƙera, ta yaya za a ce wai dan an hana su zuwa wasanni ko an ƙi sayen lemunsu shine zai sa su miƙa mulkin da suka riƙe da bindiga? Kuma da gaske ne an taɓa cire wa ma'aikata kuɗi a albashi dan taimakon baƙar fatan can, ko dai zance ne na majalisa? Allah ya saka da alheri.

Malam Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam ɗana Auwal. Maganar albashi gaskiya ce, ina koyarwa a lokacin. A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta buɗe asusun taimakon kudancin Afirka, ma'aikata suka bayar daga albashinsu, 'yan makaranta ma suka yi karo-karo, kuma ban ji wani malami a cikinmu ya yi ƙorafi ba domin shekarar ce aka harbe yara 'yan makaranta a Soweto, hotunan suna cikin jaridu, kai da kake tsaye gaban allo da alli a hannu ka ga sa'o'in ɗalibanka ne aka kashe, ai ba sai an roƙe ka ba.

Amma abin ya girmi haka. Bayan kisan Sharpeville a ranar 21 ga Maris 1960, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69 da suka fito zanga-zangar ƙin takardar izinin yawo, da yawansu ma ta baya aka harbe su suna gudu, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa na cikin shugabannin da suka matsa a taron ƙasashe renon Ingila na 1961 har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar. Sai zamanin marigayi Janar Murtala, Allah ya jiƙansa. A ƙarshen 1975 da sojojin turawan suka kutsa Angola, Murtala ya amince da gwamnatin MPLA, ƙungiyar 'yan gwagwarmayar Angola da turawan ke yaƙa, duk da Amurka ba ta so, ya je Addis Ababa a watan Janairu 1976 ya faɗa wa duniya cewa Afirka ta girma ba za a ƙara yi mata shifta ba, wata ɗaya bayan nan aka kashe shi. A shekarar dai 'yan wasanmu sun riga sun isa Montreal wajen gasar Olamfik aka ce su tattara su dawo, tare da sauran ƙasashen Afirka fiye da 20, saboda an ƙi korar New Zealand wadda ta tura 'yan wasan zari-ruga Afirka ta Kudu. 1977 aka yi babban taron duniya na yaƙi da wariya a Legas. 1979 Najeriya ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP, gidajen man AP da kuka taso kuka gani ai na BP ne a da. Sannan kai da kake ɗan Kano ya kamata ka san Ɗan Masani, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata a zamanin Shagari, bayansa Joseph Garba, bayansa Ibrahim Gambari. To wanda ya ce ba mu yi komai ba bai san tarihi ba.

Maganar wasanni kuwa kada ka raina ta. Baturen can, musamman Afrikana, wato jikokin turawan Holan da ke riƙe da mulki, zari-ruga a wurinsa kusa take da ibada, a hana shi buga ta da sauran turawan duniya kullum ana tuna masa cewa shi abin ƙyama ne, wannan yana cin rai ko da bai taɓa aljihu ba.

Maman Khalifa:

Baba Allah ya ƙara girma, duk abinda kuka faɗa haka yake ba musu. Amma ni dai kalmar nan ta "mu muka 'yanto su" tana min ciwo wlh, dan in ka faɗe ta kaman ka share jinin mutanen da suka mutu ne. Auwal ka duba lissafin nan da kyau, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara kiran a daina sayar musu da makamai tun 1963 amma na ganin dama ne, ba a mayar da shi dole ba sai Nuwamba 1977, me ya faru a tsakani? Soweto ce ta faru a 16 ga Yuni 1976, yara suka ƙi yarda a koyar da su da harshen Afrikans aka buɗe musu wuta, Hector Pieterson shekararsa 12, aka kashe ɗaruruwa a watannin da suka biyo, sannan a Satumba 1977 'yan sanda suka yi wa ɗan gwagwarmaya Steve Biko dukan da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa suka jefa shi bayan mota tsirara suka yi tafiyar sama da kilomita 1,000 da shi zuwa Pretoria ya mutu a can. Sai bayan wannan duniya ta motsa. Kowane takunkumi da ka gani in ka bi bayansa gawa zaka tarar.

Kuma a shekarun 1980 abin ya wuce zanga-zangar ɗalibai. An kafa gamayyar yaƙi da wariya ta UDF a 1983 ta haɗa ɗaruruwan ƙungiyoyi na unguwa da coci da masallaci da mata, an kafa ƙungiyar ƙwadago ta COSATU a 1985, mutane suka daina biyan hayar gidajen gwamnati, suka daina sayayya a shagunan turawa, kansilolin da gwamnati ta naɗa a unguwannin baƙar fata da yawa suka ajiye aiki, 1987 ma'aikatan haƙar ma'adinai wajen 300,000 suka yi yajin aiki na sati uku, Cyril Ramaphosa ne sakataren ƙungiyarsu a lokacin. Gwamnatin shugaban ƙasar na lokacin, Botha, ta sa dokar ta-ɓaci a 1985 ta sake sawa a duk ƙasar a 1986 ta tsare dubban mutane ba shari'a har da ƙananan yara amma abin ya ƙi kwanciya. Ƙasar da baƙar fata ne ke haƙo zinarenta, su ke tuƙa motocinta, su ke renon 'ya'yan turawan, ranar da suka ce sun gaji ai bindiga ba zata shiga rami ta haƙo zinare ba.

Sannan kar a manta manyan ƙasashen yamma fa jan ƙafa suka yi ta yi. Firayim Ministar Ingila Thatcher ta tsaya kai da fata kan ba za a sa cikakken takunkumi ba, shi ya sa ƙasashe 32 har da Najeriya suka ƙaurace wa wasannin ƙasashe renon Ingila a Edinburgh a 1986. Shugaba Reagan ma da majalisar Amurka ta yi dokar takunkumi a wannan shekarar ƙin sa hannu yayi, sai da 'yan majalisa suka tsallake shi da rinjaye. Sunan Mandela bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci ba sai 2008, bayan har ya gama mulki da shekaru.

Abba Fagge:

Hajiya kin yi gaskiya, ni abinda zan ƙara ɓangaren kuɗi ne dan Auwal ya tambayi yadda takunkumi ke aiki. Na gwamnatoci yawanci ana zagaye shi, misali mai, Iran ce ke basu mafi yawa har juyin juya halin 1979 ya yanke, sai suka koma saye ta bayan fage da tsada suna kuma sarrafa kwal ya zama fetur a kamfaninsu na Sasol, wato basu rasa ba amma sun biya kuɗi mai yawa. Wanda ya kama su a wuya na bankuna ne. Bashin da ke kansu da yawa na gajeren zango ne, irin wanda in lokaci yayi sai banki ya sabunta maka, to a tsakiyar 1985 da aka ga ƙasar na ci da wuta bankin Chase Manhattan na Amurka ya ce ya daina sabuntawa, sauran suka bi, ana sa ran Botha zai sanar da sauyi a jawabinsa na Durban a watan Agusta sai ya fito yana ɗaga yatsa yana gargaɗin duniya, kuɗinsu rand ya faɗi warwas, suka rufe kasuwar hannun jari na 'yan kwanaki suka ce sun dakatar da biyan wani ɓangare na bashin. 1986 bankin Barclays na Ingila ya sayar da hannun jarinsa ya fita, dama ɗalibai a Ingila sun daɗe suna ƙin buɗe asusu a bankin. Bankunan nan ba tausayi ne ya kama su ba, tsoron kuɗinsu suka ji, kuma abinda ya basu tsoron shine abinda Hajiya ta lissafa. Tun a 1985 ɗin manyan 'yan kasuwar turawa suka hau jirgi suka je Zambiya suka zauna da Oliver Tambo, shugaban ANC jam'iyyar su Mandela, da mutanensa, tun gwamnati na kiran su 'yan ta'adda.

Ɗan Zango a Cape Town:

Ni ina zaune a nan, kuma ina roƙon 'yan uwa mu rage wannan magana ta bashi. In ana maganar wanda ya biya da jini a wajen ƙasar to maƙwabtansu ne. Sojojin turawa sun shiga Matola a Mozambik 1981, sun shiga Maseru a Lesotho 1982 sun kashe mutum 42, sun shiga Gaborone 1985, sun ɗaure wa ƙungiyar 'yan tawaye ta Renamo gindi ta ragargaza Mozambik, Zambiya ta riƙe hedikwatar ANC a Lusaka shekara da shekaru, Angola kuwa yaƙi sosai akai a ƙasarta, sojojin Kyuba suka zo suka tsaya musu, bayan gumurzun Cuito Cuanavale a 1987 zuwa 1988 aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kai Namibiya ga 'yanci a 1990. Kuma abin baƙin ciki 'yan Mozambik da Zimbabuwe suna cikin waɗanda aka fi kashewa a harin baƙi na 2008. Harin nan zalunci ne ko da ƙasarka bata taɓa basu ko kwabo ba, ba sai mun kawo rasit ba kafin mu ce haramun ne.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa mana a gida ba, musulmin nan ma sun ba da rai. Imam Abdullah Haron, limami a nan Cape Town, an tsare shi kwana 123 ya rasu a hannun 'yan sanda a Satumba 1969 suka ce wai a matakalar bene ya faɗi, sai 2023 kotu ta sake bincike ta tabbatar azabtar da shi akai. Ahmed Kathrada tare aka yanke musu ɗaurin rai da rai da Mandela a 1964. Na je tsibirin Robben inda aka ɗaure su, ɗakin Mandela in ka kwanta kanka na kusa da bango ɗaya ƙafarka na kusa da ɗayan, tabarma da bargo da bokiti, kuma ko a cikin kurkukun akwai wariya, ɗan asalin Indiya irin Kathrada a bashi dogon wando da burodi, baƙar fata irin Mandela da ya girme shi a bashi gajeren wando kaman yaro.

Auwal Kurna:

Na gode ƙwarai Baba da Hajiya da sauran yayyena, wlh na ƙaru. Saura abu ɗaya, in haka ne me ya sa sai 1990 shugaba de Klerk ya saki Mandela, tunda tun 1985 abin ya taɓarɓare musu? Kuma Baba ƙwace BP ɗin nan saboda Afirka ta Kudu ne kaɗai?

Malam Tsohon Hedimasta:

Ba ita kaɗai ba ɗana. An zargi kamfanin da hannu a kai wa Afirka ta Kudu mai, amma lokacin da aka zaɓa saƙo ne ga Thatcher kan Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, inda Ian Smith ya ɓalle daga Ingila a 1965 don turawa tsiraru su ci gaba da mulki. An sanar da ƙwacewar ana gobe za a buɗe taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka, lokacin ana fargabar za ta amince da gwamnatin da aka kafa a can ƙarƙashin Bishop Muzorewa wadda Smith ke da hannu a ciki. Daga taron nan aka tafi teburin Lancaster House a Landan, Zimbabuwe ta samu 'yanci a Afrilu 1980.

Jinkirin kuwa, Botha mutum ne mai taurin kai, sai da ciwon shanyewar jiki ya kama shi a farkon 1989 jam'iyyarsa ta ture shi de Klerk ya hau. Sannan shekara da shekaru hujjarsu a wurin Amurka da Ingila ita ce su ne katangar da ta tare kwaminisanci a kudancin Afirka, da katangar Berlin ta faɗi a Nuwamba 1989 wannan hujja ta mutu, ita ma ANC taimakon da take samu daga Tarayyar Sobiyet ya kama hanyar ƙarewa, kowane ɓangare ya ga ba zai iya gamawa da ɗaya da ƙarfi ba. Dama tun Mandela na kurkuku ake ganawa da shi a asirce, har Botha ya karɓe shi a ofishinsa a watan Yuli 1989. Ranar 2 ga Fabrairu 1990 de Klerk ya ɗage haramcin ANC da takwararta PAC da jam'iyyar kwaminis, ranar 11 Mandela ya fito, kuma shekaru huɗun da suka biyo kafin zaɓen 27 ga Afrilu 1994 an kashe dubban mutane a rikicin siyasa, har da Chris Hani, jagoran jam'iyyar kwaminis, da aka harbe a ƙofar gidansa a Afrilu 1993.