Wace mujalla zan tura wa aikina na nano?

Ɗan_Lab: Salam 'yan uwa. Na gama aikin digiri na biyu kan ƙwayoyin azurfa ƙanana da muka haɗa da ruwan ganyen zogale, girmansu bai kai nanomita 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Malamina ya ce in buga amma ban san ina zan nufa ba, kuma aljihu ba nauyi.

Maman_Hanif: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka fara da Nature Nanotechnology ko ACS Nano, su sabon abu suke nema kuma irin wannan aikin na ganye an yi shi da yawa, edita zai iya dawo maka da shi tun kafin masu duba aiki su gani. Gwada Beilstein Journal of Nanotechnology ta Jamus, ba sa karɓar ko sisi daga marubuci, mai karatu ma kyauta ne.

Injiniya_K: Gaskiya ne Hajiya. Amma kana da hoton TEM kuwa, wato na madubin lantarki mai ratsa ƙwayoyin ya nuna girmansu da siffarsu? In UV (gwajin yadda ƙwayoyin ke shan haske) da XRD (gwajin tsarinsu da hasken X-ray) kawai ka yi wallahi sai masu duba aiki sun tambaya.

Ɗan_Lab: Hoton SEM, mai nuna saman ƙwayoyin, kawai gare ni yallaɓai. Wasu ma sun turo min imel wai za su buga cikin sati ɗaya in na biya.

Maman_Hanif: Rabu da su, 'yan damfara ne. Duba sunan mujallar a Scopus, rumbun da ke jera mujallun da aka tantance, tukuna.